Jinjiri, Bahagon Ruwan Langar Yasore

Rumfar ɗinkina a bakin kasuwar Batsari take, ta gefen da mutanen Yasore ke shigowa, saboda haka babu wanda zai zo daga garinmu ban gan shi ba, ko yana so ko ba ya so. A cikin duk masu wucewar nan, mutum biyu ne ban taɓa gajiya da kallonsu ba. Ɗaya Barau mahauci, ƙato mai faɗin kafaɗa kamar ƙyauren zaure. Ɗayan Jinjiri mai igiya, siriri, yana ɗingishi, hannunsa na dama a kan kafaɗar Barau. Baƙi sukan ɗauka wa da ƙane ne. Ba su haɗa ko kaka ba. Langa ce ta haɗa su.

Sunan Jinjiri na yanka Armaya'u, amma ban da uwarsa Hansai ban taɓa jin wanda ya kira shi da shi ba. Daga Ruma ta zo da shi bayan mutuwar ubansa, ta auri wani manomi a Yasore, shi kuma ya zama agola. Ƙanƙantarsa ta jawo masa sunan, aka kuma gano bahago ne, abin tsokana ya zama biyu. Ba a zalunce shi ba, kada in yi wa mijin uwarsa ƙarya, amma ba a taɓa mantawa da cewa ba ɗan gari ba ne. In ana zancen yaran unguwa, sai an gama lissafa kowa sannan a ce, “da yaron Hansai.” Wannan abu ya ci masa rai tun yana ƙarami, ko da yake bai cika magana ba.

Kiwon awaki aka ba shi, can bakin dajin Ruma. Wata damina kurkunu ya fito masa a ƙafar hagu, ya hana shi taka ta. Akuya kuwa ba ta san ciwo ba, in ta ga gonar wani sai ta shiga. Haka yaron nan ya yi daminar nan yana bin awaki da ƙafa guda, yana tsallake kunya da kwazazzabo, yana tare su ta nan yana tare su ta can. Da kurkunun ya warke, ƙafarsa ta dama ta zama wani abu dabam. Ya fi wasu gudu da ƙafa ɗaya, su suna da biyu.

Yaran yanzu da suka sa ƙwallo gaba sai an yi musu bayanin langa. Kowa zai naɗe ƙafa guda ya riƙe ta da hannu ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, ya mutu. Kowane ɓangare yana da ruwa, mutum ɗaya da ake so ya kai masha, wato inda aka sa alama, sauran kuwa dawaki ne, aikinsu su kare ruwansu, su kashe na abokan gaba. A zamanin da nake magana, lokacin da Turawa ke cikin yaƙinsu na biyu ana ta zancen ɗibar soja, langa ba ta yara kaɗai ba ce. Bayan an gama girbi samari masu gemu ke yin ta, gari da gari, da makaɗa da 'yammata. Ni dai ban taɓa shiga ba. Tun ina saurayi tumbina ya yi mini iyaka da ita, sai na zama gwanin kallo da sharhi.

Yasore tana da salonta da ta gada, ana ce masa shinge. Sai a sa ruwa a tsakiya, dawaki su kewaye shi kafaɗa da kafaɗa, a riƙa matsawa sannu a hankali har a kai. A wajen ƙananan ƙauyuka abin yana ci. Amma Safana ta daɗe da gane mu. Ba sa ko wahalar da kansu, sai su tsaya a gaba su bar mu mu yi ta tsalle a wuri ɗaya har ƙafafu su mutu, sannan su fasa shingen su tsinke ruwan kamar ana cire ƙwai daga ƙarƙashin kaza. Mun yi shekaru muna zuwa Safana da kiɗa muna komowa shiru. In mutumin Yasore ya je cin kasuwarsu, har 'yan tallan fura sai sun tambaye shi ko ya zo da shingensa.

A cikin shingen nan akwai babban doki, wanda ke manne da ruwa, kuma tun Barau bai yi aure ba shi ke riƙe da wurin. Dalilin wurin mai sauƙi ne. Mai langa hannu ɗaya gare shi, ɗayan yana baya riƙe da ƙafa. Kowa da dama yake ture maƙiyi, hagunsa a buɗe take, ta nan ake kashe ruwa. Don haka babban doki a hagun ruwa yake tsayawa. Barau ya yi shekaru a hagun Sada, ruwanmu na da, har ana cewa ko masallaci suka shiga sai ka gan shi a hagunsa.

Shekarar da gwiwa ta kwantar da Sada, Mani Sarkin Samari ya ga Jinjiri yana korar akuya da ƙafa guda don ya ba yara dariya. Bai yi dariya ba, ya tsaya yana kallo. Washegari ya tara samari a ƙofar gidansa ya ce ya sami ruwa, kuma daga bana an bar shinge. Dawaki za su watse, kowa ya ja nasa abokin gaba gefe, ruwa ya ɓalle ta bakin fili da gudu, doki ɗaya tak yana biye da shi.

Garin ya rabu biyu. A majalisar gindin rimi ba a yi wani zance ba sai wannan, har na haraji aka ajiye. Masu goyon Mani suka ce tun da sannu ta hana mu zuwa shekara da shekaru, a gwada gaggawa. Sada kuwa, yana zaune ya miƙe ƙafar nan mai ciwo, ya ce ba a sake wa tuwo suna, kuma yaron da bai taɓa shiga langar manya ba ba shi zai koya wa gari yadda ake yi ba.

“Wanga ba ruwa ba ne, zomo ne,” in ji shi. “Kuma bahago. Ku da kuka saba da hagu, wa zai tsare mai dama tai?”

Aka yi masa dariya, aka ce haushin an maye gurbinsa ne. Akwai haushin, ban musa ba. Amma ni da na fi kowa dariya ranar, har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni a madadin garin duka, don mutumin nan ya faɗi gaskiya tun ba a je ko'ina ba. Jinjiri da hannun dama yake riƙe ƙafa, da hagu yake turewa. Damarsa ce a buɗe. In zai zama ruwa, dole Barau ya bar wurin da ya tsufa a kai ya koma ɗaya gefen, in ba haka ba yaron tsirara yake a fili.

Barau bai yi gardama ba. Mutum ne mai sauƙin kai, ba kamar yadda ake zargin mahauta ba. Kullum bayan la'asar sai su fita gonar da aka yanke dawa su biyu, Jinjiri yana gudu, shi yana koyon bin damarsa. Da farko abin dariya ne. Ana farawa sai ka ga Barau ya zame hagu, Jinjiri ya tsaya ya ce, “Yaya, nan nike.” Sai Barau ya dafe kai ya komo. Yau da gobe ya iya, ko kuma muka ɗauka ya iya. Har ya sa matarsa ta ɗaura masa jan zare a hannun da zai riƙa juyawa wajen yaron.

Ruma muka fara zuwa, garin uban Jinjiri, kuma ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Mutanen Ruma suka jeru suna jiran shinge, sai suka ga dawakinmu sun watse kamar an jefa dutse cikin kaji. Kafin su gane wanda za su bi, yaron ya fice ta bakin fili, Barau a damarsa yana watsar da duk wanda ya matso, ya sha, wato ya kai masha. Aka sake, ya sake sha. Muka dawo da guɗa. A hanya ne na ji wata tsohuwa tana tambayar wane ne ruwan, wani ya amsa mata da cewa, “Jinjirinmu na Yasore.” Yana kusa, ya ji. Sai ya sunkuyar da kai yana murmushi har muka shiga gari. Hansai ta ce ranar bai iya cin tuwo ba don murna.

Bayan wannan muka ci ƙauyuka biyu ko uku, har Sada ya daina zuwa majalisa. Sai aka sa ranar Safana.

Ran kasuwarsu aka yi, bayan la'asar, a filin da ke bayan 'yan hatsi. Wata tsohuwar tsamiya ce mashar, mai saiwoyi a waje. Mutane kamar za a yi sallar idi, har kan rassan itatuwa. Safana ba wawaye ba ne, sun aika an kallo mu a wasannin baya. Suka ware wani maƙeri mai suna Sammani, gajere mai kauri, suka ce kada ya kula kowa, ya laɓe can kusa da tsamiya ya jira ruwa.

Aka fara. Dawakinmu suka watse yadda aka koya musu, Jinjiri ya ɓalle, Barau a damarsa. Ya kauce wa na farko, ya zille wa na biyu, Barau ya kayar da na uku. Filin ya ɗauki ihu. Ni kaina na manta da tumbina ina ta tsalle. Sun ci fiye da rabin fili, tsamiya ta matso, kowa ya ga yau Yasore za ta wanke kunyarta.

Mai kalangun mahauta yana cikin 'yan rakiyarmu. Da ya ga abin ya yi daɗi sai ya saki taken Barau, wanda ya saba kaɗa masa duk shekarun da yake tsaron Sada. Ba shi da laifi, yabon gwaninsa yake yi. Amma ina kallo da idona, kiɗan yana tashi Barau ya yi wata girgiza, ya ratsa ta bayan yaron ya koma hagu, inda babu kowa, ya buɗe ƙirji yana jiran maƙiyi. Jan zaren yana nan a hannunsa.

Jinjiri bai waiwaya ba. Me zai sa ya waiwaya? Ya san Yayansa na nan. Sammani ya fito ta dama ya same shi da kafaɗa, bugu na halal irin wanda langa ta yarda da shi. Da a sarari ne, faɗuwa kawai zai yi ya tashi ya kakkaɓe. Amma ƙafar da yake tsaye a kanta ta riga ta shiga tsakanin saiwoyin tsamiya. Jikin ya tafi, ƙafar ta tsaya. Mun ji ƙarar daga inda muke. Yatsunsa na hagu saura ƙiris su taɓa gindin itacen.

A kan ƙyaure aka ɗauko shi zuwa gida. Mutanen Safana sun yi mutunci, ba wanda ya yi guɗa, kuma Sammani ya biyo mu har Yasore yana hawaye. Maɗori ya zo daga Ruma ya ce cinya ce ta karye can sama kusa da kwankwaso, ya ɗaure da kara ya yi abin da zai iya.

Barau ya kasa shiga ɗakin. Kullum sai ya zo da romon ƙashi ya miƙa wa Hansai daga zaure ya juya. Sai da yaron ya aika a kira shi. Ina cikin masu dubiya ranar. Ya shigo ya durƙusa daga bakin ƙofa, ƙaton mutum ya zama abin tausayi. Suka gaisa kamar ba komai.

“Yaya,” in ji Jinjiri, “ina ka tahi?”

“Hagu,” in ji Barau.

“Mi ka gani can?”

“Ban ga komi ba. Ban ma san na tahi ba.”

Jinjiri ya daɗe yana kallon rufin ɗaki. Sannan ya ce a taimaka a tashe shi zaune, bayansa ya gaji. Barau ya matso zai kama shi, sai ya tsaya, ya kewaya ta ƙafafun gadon, ya zo ta dama. Iyakar maganar da suka taɓa yi a kan abin ke nan, a iya sanina.

Ƙafar ta haɗe, amma ta gajarce ta kuma karkace. Noma ya gagara, kiwo ya gagara. Ya koyi tufkar igiyar rama da ta kaba, aikin zaune. Yasore kuwa ta koma shingenta tun kakar da ta biyo, ta ci gaba da shan kashi a Safana cikin kwanciyar hankali. Dattawa suka yanke cewa ba za a ƙara sa bahago ruwa ba, kamar hagun ce ta yi laifi. Wannan hukunci har yau yana ba ni haushi. Da an ce ba za a ƙara kaɗa wa doki take yana kan aiki ba, da na ce an yi hankali.

Ba a jima ba aka zo ɗiban gwamna, wato na aikin tilas, aka kwashi sa'o'in Jinjiri zuwa haƙar kuza a ƙasar Jos. Shi aka dube shi aka wuce. Wasu cikinsu ba su dawo ba, Mani Sarkin Samari na ciki. Mutane suka riƙa ce wa Jinjiri ya gode Allah, karayar nan ita ta tsirar da shi. Yakan ce alhamdu lillahi, don shi mai imani ne. Amma na san maganar tana yi masa zafi, don wata rana ya ce da ni da a bar shi a baya don ba shi da amfani, gara a ce an tafi da shi.

Abu guda bai koma yadda yake ba. Ba a sake ce masa yaron Hansai ba. Ko a Safana in ana labarin langa, sai a ce bahagon ruwan nan na Yasore. Ya sami abin da yake nema, sai dai ya saye shi da ƙafarsa.

Tun ranar da ya fara fita, Barau ne sandarsa. An sassaƙa masa sanda mai kyau, ya jingine ta a bayan ƙofa. Ran kasuwa jaki ke kawo shi har gaban rumfata, Barau ya sauke shi, ya tsaya a damarsa, shi kuma ya ɗora hannu, su ratsa kasuwa har 'yan igiya, sannan Barau ya wuce mahauta. Haka masallacin Juma'a, haka gidan suna, haka jana'iza. Da Jinjiri ya auri Mero, wata bazawara mai haƙuri, abokan wasa suka ce sai dai ta zauna a hagu, dama tana da mai ita. Barau bai sake shiga langa ba, bai kuma sake yarda a kaɗa masa taken nan ba, ko a bikin 'ya'yansa.

Wata rana suna hutawa a rumfata, Barau ya tafi alwala, na tambayi Jinjiri abin da ya daɗe yana cina. Na ce, a ganinsa da tsautsayin nan bai faɗa ba, da Yasore ta sake salo har abada? Ya yi dariya kaɗan.

“Kai da ba ka taɓa naɗe ƙahwa ba, ba ka ganewa,” ya ce. “Kawunansu sun yarda da ni tun ran farko. Jiki ne bai ji labari ba. Ni damina guda na yi ina koyon nawa, su sun yi rabin rayuwa suna koyon nasu.”

Na ce to yana jin haushin Barau? Ya ce da fari ya ji, sosai ma, har ya yi fatan kada ya sake ganinsa. Amma mutum ba ya iya riƙe haushin kafaɗar da yake dogara da ita kullum, hannu ya kan gaji. Da Barau ya dawo muka sake zance.

Shekarar da aka fara zancen jefa ƙuri'a, Turawa na shirin tattara nasu ya nasu, sanƙarau ya shigo da bazara ya ɗauki mutane da yawa a ƙasarmu. Barau na cikin na farko. Kwana kaɗan ya yi. Jinjiri bai iya bin gawar zuwa maƙabarta ba, don babu mai kai shi, kowa na ɗauke da makara ko yana biye. Ya zauna a ƙofar gidan mamacin shi kaɗai har aka dawo. Na yi baƙin cikin mutuwar Barau, amma ganin mutumin nan zaune a dakalin ya fi karya mini zuciya.

Bayan an yi sadakar arba'in ya dawo kasuwa. Jaki ya tsaya gaban rumfata, na tashi na sauke shi, na ba shi kafaɗata. Ya ɗora hannu, muka yi ɗan taku, sai ya janye.

“Na gode, Malam tela,” ya ce. “Ka yi gajarta.”

Ya karɓi sandar da Mero ta ɗaura a jikin mangala, ya riƙe ta da hagu, ya ce a biyo shi da igiyoyin. Na tsaya ina kallonsa yana shiga kasuwa. Bai yi nisa ba sai na ga hannunsa na dama ya tashi da kansa, ya tsaya a sama daidai tsayin kafaɗar Barau, yatsun a ɗan lanƙwashe. Bai san yana yi ba. Ya ɗan tafi a haka, ya ankara, ya sauke, can gaba hannun ya sake tashi.

Ya yi shekara biyu yana zuwa kafin shi ma ya kwanta dama, kuma hannun bai daina ba. Ba wanda ya taɓa yi masa magana a kai. Masu kaya a ka, da 'yan talla, da mu 'yan rumfa, in mun hango shi tafe, sai mu matsa mu bar wurin mutum ɗaya a damarsa.